Yadda ake bin sawun musabbabin Yaƙin Duniya na Ɗaya

Ka tambayi ɗalibin babbar sakandare abin da ya haddasa Yaƙin Duniya na Ɗaya, nan take zai ce maka an harbe yarima mai jiran gado a Sarayebo. In mai ƙwazo ne, sai ya jero maka abubuwa huɗu da ya haddace daga allo: ƙawancen soja, tseren makamai, rububin mallakar ƙasashe, da zafin kishin ƙasa. Ni malamin tarihi ne, kuma wannan amsa tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin duka huɗun nan suna nan daram a 1905, suna nan a 1908, suna nan a 1911, amma ba a yi babban yaƙi a Turai ba. Kisan manya kuwa ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. An kashe sarkin Italiya a 1900, an kashe shugaban Amurka a 1901, an kashe sarkin Sabiya da matarsa a cikin fadarsu a 1903, duniya ba ta kama da wuta ba. To me ya bambanta 1914 har aka shiga yaƙin da ya ci sojoji wajen miliyan 9 zuwa 10, ban da farar hula? Wannan tambaya ita ce aikin gaba ɗaya. Ga yadda nake bin ta, kuma haka nake sa ɗalibaina su bi ta.

Fara da kalanda

Kada ka fara daga 1871, shekarar da Jamus ta ci Faransa da yaƙi, kamar yadda yawancin littattafai suke yi, za ka gaji tun kafin ka iso inda abin ya faru. Samo farin kwali babba, irin wanda ake liƙawa a bangon aji, ka raba shi gida shida. A saman kowane gida ka rubuta sunan birni: Belgired ta Sabiya, Biyana ta Ostiriya, Barlin ta Jamus, San Fitasbag ta Rasha, Faris ta Faransa, Landan ta Ingila. A gefe ka jero ranaku daga 28 ga Yuni zuwa 4 ga Agusta 1914, kwana 38 ke nan. Doka ɗaya ce tak: duk abin da za ka rubuta, sai ka sa sunan wanda ya yanke shawarar. Ban yarda a rubuta mini "Jamus ta ce" ko "Rasha ta fusata" ba. Wani mutum ne ya zauna ya sa hannu, shi nake so a kira da sunansa. In ka bi wannan doka za ka ga cewa waɗanda suka kai Turai ga yaƙi tsiraru ne ƙwarai.

Layin farko na Sarayebo ne, babban birnin Bosniya da ke ƙarƙashin Ostiriya, kuma ka tsaya a kansa sosai. Franz Ferdinand, mai jiran gadon daular Ostiriya da Hangari, ya shiga garin da matarsa Sophie a buɗaɗɗiyar mota. Tun da safe wani saurayi ya jefa musu bam, ya kauce musu ya raunata mutanen motar da ke biye. Aka kai shi zauren gari, aka yi jawabai, sannan ya ce zai je asibiti ya duba waɗanda suka ji rauni. Ba a sanar da direba an canza hanya ba, sai ya karya kwana ya bi tsohuwar hanyar. Aka yi masa tsawa, ya taka burki don ya juya, motar ta tsaya daidai inda Gavrilo Princip, ɗan shekara 19, yake tsaye. Harbi biyu ya yi, miji da mata suka mutu. Makaman da samarin nan suka riƙe daga Sabiya suka fito, ta hannun mutanen wata ƙungiyar asiri da Dragutin Dimitrijević, shugaban leƙen asirin sojan Sabiya, yake jagoranta. Wannan mutum yana cikin hafsoshin da suka kashe sarkinsu a 1903. Sai ka ƙara wani abu da ɗalibai ba su cika sani ba: Franz Ferdinand shi ne babban mai hana a yaƙi Sabiya a fadar Biyana. Babban hafsan soja Conrad von Hötzendorf ya sha neman a far wa Sabiya, yariman yana taka masa burki. Da aka kashe shi, an ba masu son yaƙi hujja, an kuma kawar da mai hana su.

Layi na biyu mai nauyi shi ne 5 da 6 ga Yuli, a gidan Barlin. Biyana ta aika da wasiƙa tana tambaya ko Jamus za ta mara mata baya in ta hukunta Sabiya. Sarki Wilhelm na Biyu da shugaban gwamnatinsa Bethmann Hollweg suka ce ta yi abin da ta ga dama, suna bayanta ko da Rasha ta shigo, kuma ta yi sauri. Daga nan Wilhelm ya hau jirgin ruwansa ya tafi hutu gaɓar Nowe. Ka ja wa wannan layi jan biro.

Yanzu ka dubi kwalin daga nesa. Daga 6 zuwa 23 ga Yuli kusan fayau yake. Biyana ba ta yi saurin da aka ce ta yi ba. Firaministan Hangari, István Tisza, ya ƙi amincewa da yaƙi sai wajen tsakiyar wata. Sojoji da yawa an sallame su sun tafi girbi. Sannan aka jira shugaban Faransa Poincaré ya gama ziyararsa a San Fitasbag, daga 20 zuwa 23 ga wata, don kada shi da Sarkin Rasha su shirya martani suna zaune wuri ɗaya. Wannan jinkiri ya yi ɓarna babba. Tausayin da duniya ta ji wa Ostiriya a makon farko ya huce, abin da za a iya ɗauka a matsayin fushin wanda aka yi wa kisa ya koma kama da shiryayyen hari.

Daga 23 ga Yuli kwalin zai cika har ka rasa wurin rubutu. Ranar nan aka miƙa wa Sabiya takardar sharuɗɗa 10 da wa'adin awa 48, kuma da gangan aka tsananta su don a ƙi. Ranar 25 Sabiya ta amsa da lafazi mai taushi, ta karɓi mafi yawa, ta ƙi yarda jami'an Ostiriya su shiga binciken shari'a a cikin ƙasarta. Jakadan Ostiriya ya karanta, ya ɗauki kayansa ya hau jirgin ƙasa a yammacin nan. A daidai lokacin Rasha ta fara shirye-shiryen soja a ɓoye. Ranar 28 da safe Wilhelm, wanda ya dawo daga hutu, ya karanta amsar Sabiya ya ce ai dalilin yaƙi ya kau, ya ba da shawarar Ostiriya ta kama Belgired kawai ta tsaya a yi magana. Ba a isar da shawarar da wuri ba, kuma da aka isar da ita an rage mata ƙarfi. A ranar ce Ostiriya ta shelanta yaƙi a kan Sabiya. Ranar 29 Sarkin Rasha Nikolas na Biyu ya ba da umarnin tara dukkan dakaru, ya janye da dare bayan saƙon tangaraho daga Wilhelm, washegari ministan harkokin wajensa Sazonov da hafsoshi suka matsa masa ya sake sa hannu. Jamus ta shelanta yaƙi a kan Rasha ranar 1 ga Agusta, a kan Faransa ranar 3, ta shiga Beljiyam ranar 4, a daren nan Ingila ta shigo.

Idan ɗalibi ya cika kwalin da hannunsa, shi da kansa zai gane cewa akwai wurare huɗu ko biyar da mutum ɗaya zai iya cewa a dakata. Daga wannan rana ba zai ƙara ce maka ai yaƙin dole ne ya faru ba.

Sai taswira, sai tsoron kowa

Nemi taswirar Turai ta 1914, domin ta yau za ta ruɗe ka. Ba Folan a kanta, ba Cek, ba Yukiren, ba Kuroshiya. Sa yatsa a kan kowace babbar ƙasa ka yi tambaya ɗaya: mene ne yake hana shugabanninta barci? Na fi son wannan tambaya a kan "me suke kwaɗayi", domin a takardun da mutanen nan suka bari tsoro ya fi kwaɗayi yawa.

Ostiriya da Hangari daula ce ta al'ummomi fiye da 10, Jamusawa da Hangariyawa da Cekawa da Folawa da Sabiyawa da Kuroshiyawa da sauransu, ƙarƙashin tsohon sarki Franz Joseph mai shekara 83. Ta mamaye Bosniya tun 1878, ta haɗiye ta a hukumance a 1908. Sabiya kuwa, bayan yaƙe-yaƙen da aka yi a yankin Balkan, kudu maso gabashin Turai, a 1912 da 1913, ta kusa ninka girmanta, kuma masu zafin kishi a cikinta suna cewa duk inda Basabiye yake ƙasarsu ce. A lissafin Biyana, in aka kyale wannan kisa ya wuce, sauran al'ummomi za su gane daular ba ta da haƙora, sai ta wargaje.

Rasha tana ɗauke da kunya biyu. Japan ta ci ta da yaƙi a 1905, sannan a rikicin Bosniya Jamus ta matsa mata ta ja da baya a 1909, ta bar Sabiya. Ga kuma mashigin ruwan Istanbul, inda kaso mai yawa na hatsin da take sayarwa waje yake bi. An rufe shi na ɗan lokaci a 1912 ta ji a jikinta, sannan a ƙarshen 1913 aka turo janar na Jamus, Liman von Sanders, ya gyara sojan Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Mutanen San Fitasbag suka ƙudurta cewa ja da baya na gaba shi ne ƙarshen girmansu.

Jamus ita ce ta fi ba ɗalibai mamaki. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 67, ƙarfen da take narkawa a 1913 ya ninka na Ingila, sojanta na ƙasa ba kamarsa. Amma dubi inda take: Faransa a yamma, Rasha a gabas, su biyun kuma ƙawaye ne tun 1894. Rasha tana da mutum sama da miliyan 160, tana shimfiɗa layin dogo zuwa iyakar yamma da bashin Faransa, ta kuma fara wani babban shirin faɗaɗa soja da zai kammala a 1917. Babban hafsan Jamus, Moltke, ya yi imani cewa in za a yi yaƙi gara a yi shi yanzu, don bayan 'yan shekaru ba za su iya ba. Ka riƙe wannan tunani na "gara yau da gobe". A ganina shi ne mafi haɗari a duk labarin, kuma za ka same shi a Biyana ma.

Faransa mutum miliyan 40 gare ta kacal, ba ta manta kayen 1871 da ƙwace yankin Alsas da Loren ba, kuma ta san ita kaɗai ba ta iya tsayawa gaban Jamus. Babban tsoronta shi ne Rasha ta sake ta, shi ya sa Poincaré ya riƙa ƙarfafa wa Rasha gwiwa maimakon ya ja mata linzami. Ingila kuwa hankalinta a watan Yulin nan yana kan rikicin Ayalan. Tsohuwar manufarta ita ce kada ƙasa ɗaya ta mallake nahiyar Turai da gaɓar da ke fuskantarta. Ministan harkokin wajenta Edward Grey ya nemi a yi taron sulhu, amma bai fito fili ya gaya wa Barlin da wuri cewa Ingila za ta shiga ba, domin majalisar ministocinsa a rabe take. Sai da aka taka Beljiyam, wadda manyan ƙasashe suka yi alkawarin kare tsaka-tsakinta tun 1839, mafi yawansu suka haɗa kai, biyu kuma suka ajiye muƙami.

A aji nakan raba ɗalibai gida shida, in ba kowane gida birni ɗaya da takarda mai ɗauke da abin da mutanen birnin suka sani a ranar 25 ga Yuli kawai. Ba a yarda su leƙa takardar wani gida ba, saƙo kuma sai a rubuce ta hannun mai kai wasiƙa. Abin da ke faruwa shi ne, kowane gida yana rantsuwa cewa kare kansa yake yi, kuma yana ganin maƙwabcinsa ne mai neman fitina. Nan ne fahimta take shiga.

Ka gwada kowane dalili da rikicin da ya gabata

Yanzu ka koma ga abubuwa huɗun nan da aka haddace, ka sa kowanne a sikeli. Hanyar gwajin mai sauƙi ce: in wannan ne ya kawo yaƙi, me ya sa bai kawo shi a lokacin da ya fi zafi ba?

Ɗauki rububin mallakar ƙasashe, tunda shi ne ya fi shafar mu. Manyan abokan hamayya a Afirka Ingila da Faransa ne. A 1898 sojojinsu suka yi cirko-cirko a Fashoda, a bakin kogin Nilu, har aka zaci za a gwabza. Bayan shekara shida suka sasanta a yarjejeniyar 1904: Masar ta Ingila, Maroko ta Faransa, har aka gyara iyaka tsakanin kogin Kwara da Tafkin Cadi don Faransa ta samu hanyar da za ta bi zuwa Damagaram. Rasha da Ingila da suka daɗe suna hararar juna a Asiya su ma suka shirya a 1907. Jamus ta tayar da rikici a kan Maroko sau biyu, a 1905 da Wilhelm ya sauka Tanja, da 1911 da ta tura jirgin yaƙi Agadir, kuma duka biyun a tebur suka ƙare. A na biyun Faransa ta yanka wani yanki na Kwango ta ƙara wa Kamarun Jamus. Ka ga ke nan a kan ƙasashenmu Turawa sun iya sasantawa, tunda ba gonar ubansu suke rabawa ba. Abin da rikicin Maroko ya yi shi ne ya ƙara manne Ingila da Faransa, ya kuma sa Jamus ta ji an yi mata zobe. Saboda haka wannan dalili ka ba shi matsayin mai ɓata zukata, amma ba shi ne ya tashi yaƙin ba.

Tseren jiragen yaƙi na ruwa ma haka. Admiral Tirpitz ya fara gina rundunar ruwan Jamus da dokokin 1898 da 1900, Ingila ta fito da sabon nau'in jirgi mai suna Dreadnought a 1906, aka yi ta kashe kuɗi. Amma zuwa 1912 Ingila ta riga ta yi nasara, Jamus ta karkata kuɗinta ga sojan ƙasa. Tseren da ya fi dacewa ka duba shi ne na 1913: Jamus ta ƙara yawan sojanta, Faransa ta mayar da aikin soja na dole shekara uku, Rasha ta shiga babban shirinta. Kowa yana ƙirga na maƙwabcinsa yana ƙarawa.

Ƙawance fa? Ana cewa ya ɗaure ƙasashe kamar sarƙa. To ai Italiya tana cikin ƙawancen Jamus da Ostiriya tun 1882, amma ta ƙi shiga a 1914, daga baya ma ta koma ɗaya ɓangaren a 1915. Ingila ba ta da rubutaccen alkawarin yi wa Faransa yaƙi. Rasha ba ta da yarjejeniyar soja da Sabiya. A 1912 da 1913 Jamus ta hana Ostiriya far wa Sabiya, Ingila da Jamus suka yi aiki tare a taron jakadu na Landan don kada yaƙin Balkan ya bazu. Takarda ba ta canza ba tsakanin 1913 da 1914. Abin da ya canza shi ne manyan ƙawaye sun daina jan linzamin ƙawayensu, don kowa yana tsoron in ya sake hana abokinsa zai rasa shi.

Kishin ƙasa shi ne ya fi tsira daga gwajin, amma a yankin Balkan, inda Daular Usmaniyya take janyewa ta bar fili ana rububi. Su kuwa talakawan Turai, kada ka yarda da zancen cewa su suka tura shugabanni. An yi manyan zanga-zangar ƙin yaƙi a Barlin a ƙarshen Yuli, kuma a Faris an harbe Jean Jaurès, babban mai kiran zaman lafiya, ranar 31 ga wata. Sai bayan an gaya wa kowace al'umma cewa ita aka kawo wa hari sannan ta bi.

Kada ka tsallake jadawalin jirgin ƙasa

Wannan ɓangare yakan yi wa mutane kama da bayanin injiniya, amma in ka bar shi ba za ka gane dalilin da ya sa rikicin Sabiya ya kai ga Beljiyam ba. Rundunonin lokacin sun dogara da kiran miliyoyin mutanen da suka taɓa yin aikin soja suna zaune a gida. Sai an kira su, a ba su kaki da bindiga, a loda su da dawakai da igwa a dubban jiragen ƙasa bisa jadawalin da aka tsara shekaru kafin nan. Wanda ya makara da kwana biyu ko uku yana ganin ya mutu. Ga sauran ƙasashe, tara dakaru bai zama lallai a yi yaƙi ba, ana iya tsayawa a bakin iyaka. Ga Jamus kuwa abu ɗaya ne, domin shirin yaƙinta, wanda ake jingina wa tsohon babban hafsanta Schlieffen, ya tanadi a murƙushe Faransa cikin mako shida ta hanyar ratsa Beljiyam, kafin Rasha mai nauyin jiki ta gama shiri, sannan a juya gabas. Shirin ya buƙaci a kama birnin Liège na Beljiyam da mahaɗar dogonsa tun kwanakin farko.

Ka karanta wa ɗalibai abin da ya faru a Barlin ranar 1 ga Agusta da yamma. Saƙo ya zo daga jakadan Jamus a Landan mai nuna kamar Ingila za ta zauna gefe, har ta lamunci Faransa ma ta zauna, in Jamus ba ta kai hari yamma ba. Wilhelm ya yi murna, ya ce wa Moltke to a juya runduna duka gabas. Moltke ya ce ba zai yiwu ba, tafiyar mutum miliyan ba a sake mata tsari dare ɗaya, in aka gwada za a samu taron mutane da bindigogi ba abinci. Daga baya a daren aka gane saƙon rashin fahimta ne, aka ci gaba. Duk lokacin da na zo nan raina yakan ɓaci, ganin sarki yana neman ƙofar fita babban hafsansa yana ce masa ba a gina ta ba. Shi ma Nikolas da ya so a tara dakaru a kan Ostiriya kaɗai, hafsoshinsa sun ce masa hakan zai dagula babban shirin.

Sannan ka zo kan laifin wa

Ka bar wannan tambaya sai ƙarshe, in ka fara da ita za ta makantar da kai. Yarjejeniyar Basai ta 1919, wadda aka ƙulla da Jamus bayan yaƙin, a sashe na 231, ta ɗora alhakin ɓarnar yaƙi a kan Jamus da ƙawayenta, Jamusawa suka yi ta jin zafin haka. Bayan haka aka daɗe ana cewa kowa ne ya zame ya faɗa. A 1961 wani masanin tarihi Bajamushe, Fritz Fischer, ya fito da takardun gwamnatin ƙasarsa yana cewa shugabanninta sun shiga da niyya da manyan burace-burace, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Masana na baya-bayan nan kuma sun ƙara haska rawar Belgired da San Fitasbag da Faris. Ni dai a kan kwalina, jan biro ya fi yawa a gidan Biyana da Barlin: ɗaya ta ƙudurta yaƙi da Sabiya ko me zai faru, ɗaya ta ba ta goyon baya ba sharaɗi, ta kuma taka ƙasar da ba ruwanta. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rasha ce babbar ƙasa ta farko da ta tara dukkan dakarunta, Faransa ba ta hana ta ba, gwamnatin Sabiya kuma ba ta iya riƙe hafsoshinta ba. Ba na tilasta wa ɗalibi ya bi ra'ayina, sharaɗina kawai ya nuna mini rana da suna a kan kwalin.

Ka kawo shi gida

Abu na ƙarshe shi ne ka nuna yadda yaƙin Turai ya zama na duniya, kuma a nan ne mulkin mallaka yake da cikakken nauyinsa. Ranar da Ingila ta shiga, duk ƙasashen da ke ƙarƙashinta sun shiga ba tare da an tambaye su ba, har da Najeriya da Lugga ya haɗe ranar 1 ga Janairun shekarar. Japan ta shigo a watan Agusta, Daular Usmaniyya a ƙarshen shekara, Amurka a Afrilun 1917. Togo ta Jamus ta faɗi tun ranar 26 ga Agusta 1914, kuma sojojin da suka ci ta 'yan Afirka ne daga Gwalkwas, wato Gana ta yau, da yankunan Faransa. Daga Yola da Maiduguri aka tura dakarun Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, suka shiga Kamaru. Harin farko a kan Garwa bai yi nasara ba, sai a watan Yunin 1915 ta faɗi. A kan dutsen Mora, kwamandan Jamus von Raben da sojojinsa baƙaƙen fata suka jure har Fabrairun 1916. A arewa kuma Kawusan, jagoran Abzinawa, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917.

Sa ɗalibi ya ɗauko taswirar Najeriya ya nemo Mubi, da Gwoza, da Bama, da Dikwa, da tsaunin Mambila. Duk waɗannan a ƙarƙashin Jamus suke a ranar da aka yi harbin Sarayebo. Bayan yaƙi aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila, wannan yanki ya faɗo hannun Ingila aka riƙa mulkinsa tare da Arewa, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi zama a Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna.